Shok ɗin but da yaron Masta

Talata. Hazo ya sauko sosai, da asuba har Hajiya ta nemo rigar sanyi. Koko da ƙosai, na sauke yara a makaranta, sai Suame, unguwar makanikai a Kumasi.

Ƙofar bayan Land Cruiser ce ta kai ni. Tun da hunturu ya kama, ta saman ba ta tsayawa da safe. Da rana in ƙarfe ya ɗumama takan daure, da sanyin safiya kuwa kana ɗagawa tana biyo ka. Kawu ya yanko mini sandar gwaiba ya ce in riƙa tokarewa, shi a wurinsa magana ta ƙare. Ranar Lahadi Auta ta je ciro buhun gari ta ture sandar, ƙofar ta sauko mata a kafaɗa. Hajiya ba ta ce uffan ba, kallo ɗaya ta yi mini.

Magazin, wato kasuwar kayan mota da garejin Suame, yana nan yadda kuka san shi, guduma da walda da baƙin mai. Shok ɗin da ke riƙe ƙofar a sama na je nema. Mai kaya ya so ya haɗa ni da na hannu, wanda aka ciro daga motar da aka yanka. Na ce ya bar shi. Abin a rufe yake, iskar naitirojin ce a matse a ciki da ɗan mai kaɗan, kuma tana silalewa ta bakin roba shekara da shekaru, wanda ya sayi na hannu ragowar iskar wani ya saya. Ya ce to in ɗauki sabo guda. Nan ma ban yarda ba, sabon ne zai ɗauke nauyin shi kaɗai, ƙofar ta riƙa murɗewa gefe. Biyu na saya, bayan mun gwada tsawo da tsohon mun kuma duba lambar da harafin N ke biye da ita, wadda ke nuna ƙarfin turawarsa. Motar samfurin 100 ce, irin wadda Toyota ta yi daga 1998 zuwa 2007, kayanta ba sa wuyar samu.

A gareji abin ya faru. Yaron garejin, ɗan Bawku, ya tallabe ƙofar da kafaɗa, Masta mai garejin ya ɗaura na hagu, sandar ƙarfen mai sheƙi tana kallon sama. Yaron ya yi ƙasa da murya ya ce, "Masta, kamar ƙasa take kallo." Ya nuna na dama da haɓa, tsohon da muka mayar, yana nan yadda kamfani ya sa shi.

"Kai! Ni da kai wa ya riga wani ganin mota? Riƙe ƙofa aka ce ka yi."

Yaron ya yi shiru. Ni ma shiru, garejin mutum ne, yaronsa ne.

Can aka kira Masta waje, wai wata Pajero ta ƙi tashi. Yaron ya dube ni ya ce, "Alhaji, don Allah riƙe mini." Na karɓi ƙofar. Ya sa bakin sukudireba ya ɗan ɗaga kilif ɗin kowane kai, ya zare shok ɗin, ya juya shi, ya danna har ya ce ƙas. Ya sa na dama ma. Yana yi yana gaya mini cewa in ƙofa tana rufe sandar ƙasa ya kamata ta kalla, don man ya kwanta a kan robar kada ta bushe ta fara sakin iska. Hannunsa ko rawa bai yi ba.

Masta ya dawo ya tsaya ya duba. Ya gani sarai. Sai ya buga ƙofar da tafin hannu ya ce, "Alhaji, ka ga yadda na juya maka su? Saboda mai." Ya ɗora da nasiha: kada in shafa giris a sandar, ƙura ce za ta manne ta ci robar, busasshen tsumma ya isa. Kada kowa ya kama ta da filaya. Tsofaffin kuma kada yara su huda su ko su jefa a wuta. Duk gaskiya ne. Yaron yana tsugune yana tattara sifana, ko ɗaga kai bai yi ba.

Kuɗin aiki na miƙa wa Masta. Yaron na damƙa masa na wake da shinkafa a bayan mota, har ya rusuna. Rusunawar nan ce ta tsaya mini a rai har unguwar Aboabo.

Da dare na ba da labari. Kawu ya ce yaron ba shi da kunya, ba a gyara wa babba a gaban baƙo, su a zamaninsu mari zai sha. Hajiya ta ce da an bar shi a juye ai mu za mu sake biya. Suka kama, na bar musu tsakar gida.

Azahar a Suame, La'asar a cunkoson hanya. Ban je wajen Yaya ba, gobe in Allah ya kai mu.

Na bonet ma sun fara sanyi. Ban yanke ba tukuna, ko in koma garejin, ko in kira yaron ya zo gida ranar Lahadi, in ya so Masta ya ji daga baya.