Albasar Aliero da zancen huhu

Jiya da dare Kawu ya turo wani saƙo a guruf ɗinmu na gida, wai masana sun gano albasa na kare huhu daga lalacewa, a ƙasa kuma ya rubuta "to ku 'yan boko mi za ku ce?" Shi fa dillalin albasa ne a Aliero, duk labarin da zai ɗaga kuɗin buhu gaskiya ne a wurinshi. Na yi dariya, amma zancen ba ƙarya ba ne zalla.

Akwai wasu sinadarai a jikin tsirrai da ake ce ma filabonoyid, jan da ke cikin zoɓo ma danginsu ne. Na albasa sunanshi kwasetin, kuma ya fi taruwa a ɓawon waje, wanda Inna ke ɓarewa ta zubar. Zogale ma na da shi.

To amma wane ciwon huhu ake nufi? Ba tarin hunturu ba ne fa. ARDS likitoci ke ce mishi, a 1967 aka fara bayyana shi a Amurka, kuma yakan biyo bayan nimoniya mai tsanani ko ƙwayar cuta ta shiga jini ko shaƙar hayaƙin gobara, lokacin korona ma shi ya kashe mutane da yawa. Garkuwar jiki ce ke tasowa faɗa sai ta wuce gona da iri, fararen ƙwayoyin jini su yi dandazo a huhu, ƙananan jijiyoyi su fara yoyo, ruwa ya cika 'yan jakunkunan iska kamar yadda gulbi ke cika ya shanye shinkafar fadama, mutum yana jan numfashi amma oksijin ba ya isa jini.

A ɗakin bincike ana sa ma ɓeraye gubar bakteriya a huhu, waɗanda aka ba kwasetin sai a ga kumburin ya ragu, ruwan ma bai kai na sauran ba, don yana danne wani makunni a ƙwayar halitta mai suna NF-kB wanda ke kunna wutar kumburi. Wanga gaskiya ne. Sai dai ɓera ne, kuma tataccen sinadari ake ba shi, sau da yawa ma tun kafin a jawo mishi ciwon. Mu da ke ci a miya ko kan tsire, kaɗan hanji ke tsotsa, hanta kuma ta sauya shi nan da nan. Wanda ARDS ta kama, oksijin yake buƙata da na'urar numfashi, wani lokaci har a kwantar da shi rub da ciki, duk a asibiti.

Na tura ma Kawu duk wannan. Sai da safe ya amsa da murya: "Yaro, ba dai ka ce a daina ci ba ko?" Na ce a'a Kawu, a ci sosai ma. Ya ce to madalla, rabin buhu na zuwa min Birnin Kebbi, amma ni zan biya kuɗin mota.