Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Baba Tela ya kira ni Bulus

Makon jiya na tsaya ne a inda na dawo Zariya daga Legas hannu rabbana, ga kunyar kuɗin zumuntar matasa da na gudu da su tana bina. Toh mu ci gaba.

Lahadin farko da na shiga coci sai da benci guda ya zama nawa ni kaɗai, wata mama har jakarta ta ja ta rungume, kuma ban ga laifinta ba gaskiya, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ana cikin waƙa sai ga wani dattijo da muke kira Baba Tela ya taso daga gaba ya zo ya zauna kusa da ni, ya miƙo min littafin waƙoƙinsa muka riƙe tare, bai ce min komai ba. Da aka tashi sujada ya ce "ɗana gobe ka zo shago."

Wata takwas na yi a shagon nan ina saka maɓalli ina guga. Shi ya kai ni gaban dattawan ikilisiya ya tsaya min, ya ce in na sake ɗaukar ko sisi a zo a ɗauki kekensa. A nan na fara jin labarin Barnaba, don Baba in yana taka keke bakinsa baya hutawa. Ya ce ainihin sunansa Yusufu ne mutumin Kubrus, manzanni ne suka laƙaba masa Barnaba saboda iya ƙarfafa zuciyar mutane, shi ne ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gabansu. Da Shawulu mai tsananta wa masu bi, wanda daga baya aka sani da manzo Bulus, ya tuba a hanyar Dimashƙu ya zo Urushalima kowa tsoronsa yake, mutumin da ya tsaya yana gadin riguna lokacin da ake jifan Istifanas wa zai yarda da shi? Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gun manzanni, daga baya kuma ya tafi har Tarsus nemansa ya kawo shi Antakiya suka shekara guda cur suna koyarwa tare, can ne ma aka fara kiran masu bi Kirista. Ni dai ina jin daɗin wannan ɓangaren don ni ne Shawulun.

Bayan shekara uku sai gani ni ne shugaban masu fita bishara, kai ya fara girma ban sani ba. Akwai wani yaro ɗan kwaya, ta waƙa fa nake nufi ba irin wadda na sha ba, da muka taɓa zuwa wani ƙauye da shi wajen Giwa, dare biyu kacal sauro da tuwon dawa suka kore shi, da asuba ya hau mashin ya gudu ya bar mu da ganga ba mai kaɗawa. Da za mu sake fita sai Baba ya ce a saka sunansa, na ce sam, wannan aikin ba na ragwaye bane. Muka yi ta ja har murya ta tashi a gaban yaran shago, abin da ban taɓa yi masa ba.

Baba ya tsayar da keke, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce "sannu Bulus." Ya turo min Littafi Mai Tsarkinsa da duk ya sha salatif ya ce in buɗe Ayyukan Manzanni sura 15 in karanta ƙarshenta da ƙarfi. Ashe abokan nan biyu, Barnaba da Bulus, sun yi faɗa sosai akan Yohanna Markus da ya bar su a Bamfiliya ya koma gida, har suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Duk wata takwas ɗin nan Baba bai taɓa bani wannan ɓangaren ba, ajiye min shi yayi kamar ya san ranar na zuwa. Sai ya ce to juya 2 Timoti 4:11, inda Bulus ɗin da kansa yana kurkuku yake cewa a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi.

Kuna tsammani na sauko ko? Ina! Na rufe littafin na ce ai Baba shi ma Bulus bai tafi da shi a wannan tafiyar ba. Ya yi dariya har da tari ya ce haka ne, to ka tafi da Silanka, ni zan ɗauki Markus ɗina.

Haka aka yi kuwa, ranar Juma'a muka shiga mota mu shida, Baba kuma da ciwon gwiwarsa ya hau bayan mashin ɗin yaron nan rungume da ganga suka nufi wani ƙauyen daban su biyu. Wata biyar ban taka ƙofar shagonsa ba, in na hango shi a Sabon Gari sai in canza layi. Abin da ya mayar da ni wayar da matarsa ta bugo min ne ƙarfe biyun dare, wannan kuma sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.