Inda na kwana a koyon gano ƙaurin roba a mota

Salam yan uwa masu koyo, satin nan a gareji abin da maigida ya ɗora ni a kai shi ne motocin da ake kawowa ana cewa suna ƙaurin roba, kuma yanzu da zafin Kano ya kankama ga go silo a Ƙofar Nassarawa da titin Zariya kullum ƙafa na kan birki, sai ka ga ƙorafin ya yi yawa.

Abu na farko da na riƙe, kar ka kwance komai sai ka zagaya motar tukuna. Ka kara bayan hannunka kusa da kowane rim, kusa fa na ce, kar ka taɓa dis ɗin, wato faifan ƙarfen da birki ke matsewa, don wallahi zai sale maka fata. In ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, to birkin wannan ƙafar ne yake riƙewa. Sai a ɗaga da jak a juya tayar da hannu, mai lafiya za ta juya salin alin, mai riƙewa kuwa sai ka sa ƙarfi.

Nan ne na fi jin daɗin darasin. Yawanci matsalar kalifa ce, wato ƙarfen da ke matse fad (takalmin birki) a jikin dis, ko fistin ɗinta ya yi tsatsa ko fil biyun nan da take zamewa a kansu sun bushe saboda robarsu ta yage ƙurar garin nan ta shiga, amma wani lokacin kalifar lafiyarta ƙalau, tiyon birki ne ya lalace daga ciki yana barin man birki ya tafi amma ba ya barinsa ya dawo. Yadda ake bambancewa: ka taka birki ka saki, in tayar ta ƙi juyawa ka ɗan sassauta nonon da ake cire iska a jikin kalifar, in mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take to matsalar daga tiyo ce ko can sama wajen masta, wato famfon da ke turo man in ka taka birki, in ba ta saki ba kalifa ce. Don Allah mu daina sa mutum ya tafi Ƙofar Ruwa siyo sabon fad alhali ba a gano wannan ba, sabon ma cinyewa zai yi, kuɗin bawan Allah ya tafi a banza. Kuma fil ɗin nan ba a shafa masa giris na gama gari, yana kumbura roba, na silikon ake sawa.

Kar a watsa wa dis mai zafi ruwa, yana iya lanƙwashewa. Kuma in birki ya yi irin wannan zafin a duba man birkin, nau'in DOT 3 sabo yana jure zafi wajen digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuma 230, amma da ya tsufa ya sha ruwa sai ya tafasa da wuri birki ya tafi ƙasa.

In ba ƙafa ɗaya ce ta fi sauran zafi ba sai a duba hambirki ko bai gama sauka ba, ko taya tana gogar jiki, ko fambel yana zamewa, sannan a leƙa ƙasa don sau da yawa leda ce kawai ta manne a salansa tana narkewa. Sati mai zuwa in sha Allah maigida ya ce za mu shiga birkin baya mai ganga, wanda ya riga ni yi ya faɗa min yadda yake saita shu ɗin, wato takalmin birkin da ke cikin gangar.