Laraba, a tsakiyar jarrabawa

Yau da safe, muna tsaka da rubuta jarrabawa, wata ɗaliba da ke zaune a layin gabana ta kifa kanta a kan benci, ba ta ƙara ɗagowa ba har sai da ƙawayenta suka tallabe ta zuwa asibitin makaranta. Da muka fito na ji daga bakin 'yar ɗakinsu cewa tun garin kwakin da ta jiƙa jiya da azahar ba ta sa komai a cikinta ba, kuma a haka ta kwana tana karatu.

Wannan ne ya sa da na koma ɗaki na dubi wani ɗan ɗakinmu da idon basira. Ina dafa taliya na ce ya matso mu ci, sai ya ce mini azumi yake yi. Na san shi da azumin Litinin da Alhamis, amma yau Laraba ce, kuma jiya ma abin da ya faɗa mini ke nan. Na ce masa, "Ɗan'uwa, don girman Allah ka gaya mini gaskiya." Ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce kuɗin da mahaifinsa ya aiko sun ƙare wajen biyan kuɗin ɗaki da buga takardun aikinsa na kammala digiri, kuma ba zai iya sake kiran gida ba alhali ya san ƙannensa ma da ƙyar ake ɗora musu tukunya sau biyu. Ya ce tunda dai ba zai ci ba, gara ya ɗaura niyya ya samu lada. Ban ga laifinsa ba, sai dai zuciyata ta karye, domin kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kanta ita ce ke ɓoye wannan yunwa. Ɗalibi zai goge rigarsa tsaf ya shiga aji, ba wanda zai san cewa sau ɗaya yake cin abinci a yini.

Da la'asar na je wurin malamin da ke duba aikina, wani dattijo da ya kusa ritaya, na ba shi labarin abin da ya faru a ɗakin jarrabawa. Ya ce a zamaninsu jami'a ce ke ciyar da ɗalibai sau uku a rana da tikiti mai rahusa, har ma ƙarin kwabo 50 da aka yi, daga naira 1.50 zuwa naira 2 a yini, shi ne ya haddasa zanga-zangar 1978 lokacin da Kanar Ahmadu Ali ke kwamishinan ilimi na tarayya, wadda aka rasa rayukan ɗalibai a cikinta a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin ciyarwar, tun daga nan kowa ya koma tasa ta fisshe shi. Na ce, "Malam, ke nan a da an yarda cewa ciyar da ɗalibi wani ɓangare ne na karantar da shi." Ya gyaɗa kai kawai.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin komai ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND yana biyan naira 20,000 a wata a matsayin kuɗin kula da kai, wato abin da bai kai naira 700 a rana ba, kuma a ciki ake so ɗalibi ya ci, ya hau mota, ya sayi sabulu da data. Ba na raina wannan tallafi, domin na san waɗanda ya rufa wa asiri, amma bashi ne da za a biya, kuma bai isa ya riƙe mutum wata guda ba ko da garau-garau da awara zai yi ta ci. A ganina ya kamata kowace jami'a ta buɗe ɗakin cin abinci mai rahusa, ko da na cin rana ne kawai a makonnin jarrabawa, kuma tsofaffin ɗalibai da masu fitar da zakka su tuna cewa akwai mabuƙata a ɗakunan kwanan ɗalibai waɗanda ba za su taɓa miƙa hannu ba.

Bayan sallar isha'i muka zauna da 'yan ɗakinmu muka amince a haɗa tukunya ɗaya har a gama jarrabawa, kowa ya zuba abin da yake da shi a kwali guda, kuma ba mai tambayar wane ne ya kawo me. Gobe ni ke da girki, saboda haka zan ɗora wake da asuba, sannan bayan azahar ni da ɗan ɗakinmu mai azumin nan za mu je mu sami kwamitin masallacin makaranta da wannan magana.