Sharhi huɗu a cikin rariyar lambobin firam, da yadda na gyara su

Fayil ɗin bai kai layi talatin ba. Na gaje shi ne a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Tudun Wada, cikin garin Gombe, inda nake koya wa matasa Python, wani yaren rubuta shirin kwamfuta. Aikinsa fitar da lambobin firam, wato lambobin da suka haura 1 kuma ba sa rabuwa sai da 1 da su kansu. An bi hanyar rariyar Eratostenis, masanin nan Bagirke na ƙarni na 3 kafin miladiyya: a jera lambobi, a soke ninkin kowace firam, abin da ya rage a kan rariya shi ake nema.

Abin da ya dame ni shi ne sharhin da ke gefen kod ɗin, layukan nan masu farawa da alamar #. Kwamfuta ba ta karanta su, ɗalibi kuwa su yake fara karantawa, kuma ya gaskata.

Sharhi na farko cewa ya yi shirin yana dawo da firam guda n na farko. Na ba shi 20 a matsayin n, sai ya fito da 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19. Da sharhin gaskiya ne, da an samu ashirin, ta ƙarshe 71. Ashe n iyaka ce, ba adadi ba. Kafin in sake rubutawa na gwada da 19, don in ga ko iyakar kanta tana shiga. Ta shiga. Sai na rubuta: "Yana dawo da duk firam daga 2 zuwa n, har da n in firam ce."

Na biyu ya ce True na nufin an soke lambar, alhali a kod ɗin True na nufin tana nan a matsayin firam. Tarihin Git, manhajar da ke adana kowane gyaran kod, ya nuna an juya ma'anar a wani gyara, aka manta da sharhin. Wannan goge shi na yi, na sauya sunan jerin daga "a" zuwa "firam_ce", sunan ya wadatar.

Na uku ya ce ana fara sokewa daga 2p, kod kuma daga p * p yake farawa (p ita ce firam ɗin da ake soke ninkinta). Kod ɗin ne da gaskiya. Ɗauki 7: kafin a iso kanta, 2 ta riga ta soke 14, 28 da 42, 3 ta soke 21, 5 ta soke 35. Ba abin da ya rage mata sai daga 49. Dalilin nan na saka a sabon sharhin, domin duk mai ido yana ganin p * p a layin, abin da ba ya gani shi ne me ya sa.

Na huɗu shi ne ya kusa kayar da ni. Sharhin ya ce ana zagayawa har zuwa tushen murabba'in n, har da shi. Kod ɗin kuma range(2, int(n ** 0.5)) ne, kuma range a Python ba ya haɗawa da lambar ƙarshe. Tun da sau uku a jere sharhi ne mai laifi, hannuna har ya kai ga mayar da shi "ban da shi". Sai na dakata na ƙirga.

Da 100 shirin ya ba da firam 25, daidai. Da 10,000 ya ba da 1,229, daidai. Da miliyan ɗaya 78,498, shi ma daidai. Amma da 1,000 sai ya ba da 169, alhali 168 ne. Baƙuwar ita ce 961, wato 31 sau 31. Tushen 1,000 in an yar da ɓurɓushi 31 ne, ita kuma firam ce, zagayen ya tsaya a 30, ba a soke ninkinta ba. Kuskuren ba ya fitowa sai tushen ya faɗa kan firam: da 30 za ka ga 25 a jerin, da 50 za ka ga 49. Su kuwa 10, 100 da 1,000, tushen lambobin da kowa ke gwaji da su, ba firam ba ne, shi ya sa ɓarakar ta daɗe a ɓoye. A nan sharhin ne mai gaskiya. Na bar shi yadda yake, na gyara layin zuwa range(2, math.isqrt(n) + 1). Wannan isqrt ɗin, mai fitar da tushen murabba'i, tun Python 3.8 yake, kuma da cikakkun lambobi yake aiki, babu batun ɗigo.

Tun daga nan, in sharhi da kod suka saɓa, ba na taɓa ko ɗaya sai na samu amsar da na tabbatar da ita daga waje, ko da ƙirga da biro ne. Kuma na raba ajiyar a Git gida biyu, gyaran sharhi daban, gyaran layin nan daban, don wanda zai duba ya san inda sakamako ya sauya.

Misalan gwajin kuma na saka su cikin bayanin da ke saman aikin, yadda doctest, kayan gwajin da ke cikin Python, zai gudanar da su: 1 ta ba da jeri babu komai, 2 ta ba da 2 kaɗai, 50 ta ƙare da 47, 1,000 ta ba da guda 168. Na mayar da tsohon layin da gangan na buga python -m doctest, nan take gwajin 50 da na 1,000 suka faɗi.