Shekarar da Ake Rubutawa a Jikin Kwalbar Jar Giyar Inabi

Ban taɓa kai giya bakina ba, kuma hukuncinta a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, saboda haka kada mai karatu ya ɗauka talla na zo yi. Aikina koyar da ilimin noma ne a nan Sakkwato, kuma ta ƙofar yanayi na shigo wannan magana. Ina cikin haɗa darasi a kan yadda ɗumamar duniya ke sauya lokacin girbi sai na ci karo da lissafin ranakun tsinkar inabi na garin Beaune, a yankin Burgundi na ƙasar Faransa, wanda ya faro tun daga shekarar 1354. Masanan da suka tattara shi suka wallafa a 2019 sun gano cewa daga 1988 zuwa yau ana fara tsinka da wuri da kimanin kwana 13, idan aka gwada da ƙarni shida da suka gabata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin da zai sa mutane su riƙe ranar girbi haka kamar ranar haihuwa, kuma amsar tana cikin lambar nan mai harafi huɗu da suke bugawa a jikin kwalba.

Lambar tana nuna shekarar da aka tsinki inabin, ko da kuwa sai bayan shekara biyu aka ɗura shi a kwalba. Gona ɗaya ce, itatuwa ɗaya, ma'aikata ɗaya, amma kwalbar wata shekara takan ninka ta wata a farashi sau da yawa, domin rana da ruwan sama da sanyin da suka sauka a kan gonar sun bambanta. Yankin Bordo, shi ma a Faransa, wanda ya fi ko'ina suna a wannan harka, yana kusa da Tekun Atlantika, kuma yanayinsa ba shi da alkawari. Manomin gero na Gwadabawa ko Wurno ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, don ya san damina ba ta zuwa iri ɗaya sau biyu.

Ruwan da ke cikin jan inabi, in aka matse shi nan take, kusan fari ne. Jan launin yana cikin ɓawo, kuma sinadarin da ke ba da shi ɗan gida ɗaya ne da wanda ke rina zoɓo. Shi ya sa masu yin jar giya sukan bar ɓawon da 'ya'yan cikin ruwan na tsawon makonni, yayin da yis ke mayar da sukari barasa. Tare da launin akwai wani abu da ke fita daga ɓawo da ƙwayar, wanda ake kira tanin, kuma shi ne ke kawo baurin nan da ke ɗaure harshe, irin wanda muke ji a goro ko a shayin da ya daɗe a wuta. Sunan ma daga sana'ar jima ya samo asali a harsunan Turai. Da na gane haka sai maganar ta dawo mini gida, domin tanin ɗin nan shi ne ƙarfin bagaruwa, wadda majeman garin nan ke jeme fatar jar akuya da ita tun zamanin da ayari ke ƙetara Sahara da fatun zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka riƙa kiransu fatun Maroko. Yadda bagaruwa ke kama fata ta hana ta ruɓewa, haka tanin ke cikin abubuwan da ke sa kwalba ta yi shekara talatin ko hamsin a ajiye ba ta lalace ba.

Saboda haka shekara mai kyau ita ce wadda ta ba da ƙananan 'ya'ya masu kaurin ɓawo, waɗanda suka nuna sosai ba tare da tsaminsu ya gudu ba. Hanyar samun haka kuwa ƙishirwa ce daidai gwargwado. Idan ruwa ya yi yawa bayan 'ya'ya sun fara sauya launi, itacen yakan ci gaba da fitar da ganye, 'ya'yan su kumbura, ɗanɗanonsu ya yi salam. Idan kuwa ƙasa ta ɗan bushe, sai itacen ya daina reshe ya mayar da ƙarfinsa kan 'ya'ya. Wannan ne ya sa gonakin da suka fi daraja a Medok, wani ɓangare na yankin Bordo a gaɓar hagu ta mashigin ruwan Gironde, suke kan tudun tsakuwa da ba ya riƙe ruwa, inda ake shuka nau'in Cabernet Sauvignon, alhali nau'in Merlot ya fi son ƙasa mai laka ta wajen Pomerol, wani ɓangaren na yankin. Dokar yankin ma ba ta sakar wa manomi ban ruwa ba, sai da izini na musamman a shekarar fari mai tsanani. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Rima ya san wannan darasi ta wata fuska: albasar da aka ɗura wa ruwa da taki har ranar cira takan yi girma ta burge ido a kasuwa, amma ba ta ajiyuwa, kuma kankanar da aka rage wa ruwa gab da nuna ta fi zaƙi.

Shekarar 1961 ita ce misalin da na fi so. Sanyi da ruwa sun faɗa wa itatuwan a lokacin fure, a ƙarshen watan Mayu, aka yi asarar babban kaso na amfanin tun bai ƙulla ba, sannan aka samu rani busasshe da watan Satumba mai rana. Ɗan abin da ya tsira sai ya samu ƙarfin itacen gaba ɗaya, kuma har yau ana lissafa ta cikin fitattun shekarun Bordo. Haka aka yi a 1945, shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ƙare: sanyi mai daskarar da raɓa a farkon Mayu, sai zafi da fari, sai girbi kaɗan mai ƙarfi. A 2013 kuwa abin ya juye, don an yi sanyi da ruwa a lokacin fure, ƙanƙara ta ragargaza wasu gonaki, sannan danshin Satumba ya kawo ruɓa, dole aka tsinka kafin nuna ta kammala. Zafi ma idan ya wuce kima ɓarna yake yi, kamar a 2003, lokacin da rana ta ƙona 'ya'ya a wasu gonaki, dare bai yi sanyin da zai riƙe tsami ba.

A 1855, bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku, dillalan Bordo sun jera gonakin yankin a matakai biyar saboda baje-kolin Paris, suka ɗora Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion a sama, sai a 1973 Mouton ta shiga sahunsu. A ganina wannan jeri ya fi nuna tarihin farashi, domin ko gonar da ke kan gaba ba ta iya sayen rana a watan Satumba. Abin da kuɗi ke iya yi shi ne a zubar da 'ya'yan da ba su kai ba, a rage yawan kwalabe. Bayan haka giyar takan zauna wajen shekara ɗaya da rabi a gangar katako mai cin lita 225, kuma masu harkar suna cewa ta shekara mai ƙarfi takan fito da bauri mai tsanani tana sabuwa, sai ta daɗe a kwalba kafin ta yi laushi, launinta ya tashi daga ja mai duhu ya koma kamar na jan bulo, gari-gari ya kwanta a ƙasa.

Makon jiya na je wurin wani dattijon majemi da muka saba, na tarar yana tsugune gaban kwatarniya, hannuwansa sun rine har gwiwa, ga dakakkiyar bagaruwa a ƙwarya, ga fatun da aka rina da karan dafi an shanya a igiya. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, bagaruwa duk ɗaya ce, ko ta wata shekara ta fi ta wata?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. Ya ɗauki kwanso ɗaya daga cikin buhu, ya karya, ya ɗan ciza, ya tofar gefe. "Malam, ta bana ba ta kai ta bara kaifi ba. Wadda aka kaɗo daga bisa ma daban take da wadda ta faɗo ta sha raɓa a ƙasa." Na tambaye shi ko yana rubuta irin wannan a wani wuri, sai ya yi dariya ya ce harshensa ne littafinsa. Daga nan ya kira yaronsa ya ce a ƙara rabin mudu a kwatarniyar.