Darussan da na koya a bakin tabki kafin in ajiye aiki

Tun da labari ya bazu cewa na bar furojen raya tabkuna, abokan aiki ke kirana, kowa da tambayarsa, wasu kuma da bayanin da suka tsinta a buro. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, musamman matasan da aka ɗauka bana, waɗanda za a tura ƙauyukan da na yi wa aiki. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi sunan tabkin ba. Waɗanda ke wurin sun sani.

Mai wannan aiki ya fara riƙe abu ɗaya: babban kifi shekaru ne suka tara shi. Karfasa cikin 'yan watanni take girma ta hayayyafa, in an kwashe ta bana baɗi ta dawo. Giwan ruwa ba haka yake ba. A manyan ruwaye yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin da ya kusan kilo 200. Namu na tabkunan Maradi ba sa kai ko kusa, amma halinsu ɗaya: mafi yawan manyansu mata ne, kuma uwa guda da ta ƙosa tana zuba miliyoyin ƙwai, ninkin abin da ƙanana masu haihuwar fari za su zuba. Ga shi da son ruwa mai zurfi mai wadatar iska. Tarwaɗa da gaiwa da bargi, in ruwa ya ɓaci, sai su leƙo sama su shaƙa, shi kuwa ba shi da wannan baiwar. A tabkin da ke janyewa da rani, rayuwarsa duka ta rataya ne ga gurbi ɗaya ko biyu da yake fakewa ciki har ruwan sama ya sauka.

A da, in an yi ɓarna a tabki, gulbi na gyarawa. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake shigowa, ya bi ta Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya faɗa Rima, ruwan ya wuce Sakkwato da Argungu har Kwara. Tsofaffin masunta za su gaya maka yadda kifi kan hauro da ambaliya ya cika fadamu. Yau akwai madatsar Jibiya ta sama, akwai ta Goronyo ta ƙasa, yashi kuma na cin zurfin tabkuna shekara bayan shekara. Ko tabkin Madarunfa, da aka sa cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar duniya ta Ramsar ke karewa a 2019, bai tsira daga yashin ba. Uwar da ta mutu a tabki yanzu, da wuya wata ta biyo ruwa ta maye ta.

Da wannan hujjar na shiga garin da ke bakin tabkin. Na jima ina zarya tsakanin sarkin ruwa da kwamitin masunta da mata masu banda kafin a yarda da abu biyu: a rufe tabki daga tsakiyar sanyi har ruwa ya cika, gurbi kuma ba a jan taru cikinsa ko bayan an buɗe. Ba ƙaramin abu suka sadaukar ba. Da bazara kifi ke matsuwa wuri ɗaya kamu ya yi sauƙi, kuma lokacin ne rumbu ke yin ƙasa, ga kuɗin iri na jira. Sarkin ruwa, dattijon da ya yi su a Tabkin Chadi yana saurayi, shi ya miƙe a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya ce ya ɗauki nauyi. Da aka kama wasu samari biyu sun kafa mamari da dare, kwamiti ya ci su tarar jika goma-goma, aka karɓe kayansu. Ɗayansu ɗan ƙanen sarkin ruwan ne, kuma dattijon bai ce uffan ba. Watanni doka ta tsaya da ƙafarta, ba jandarma, ba ma'aikacin gandun daji, ba ko dala da aka biya mai gadi. Wannan aikin ni da mutanen garin muka yi shi, kuma babu rahoton da zai goge shi.

Sai ga saƙo, masu ba da kuɗi za su zo ziyara cikin Afrilu. Shef, wato shugabana a furoje, ya kira ni ya ce yana son a buɗe tabkin na yini guda, a ja taru a gurbi, baƙi su ga manyan kifaye da idonsu, don da shi za a sabunta furoje. Na ce masa, ranka ya daɗe, mu muka sa suka rufe, da saninmu aka ci 'ya'yansu tara, in muka buɗe don kanmu da wane ido za mu sake kallonsu? Na kawo masa wata hanya: a kai baƙin wurin sarkin ruwa, a nuna musu littafin awo, a jefa birgi a gefe su ga ƙananan da ke tasowa, a mayar. Ya ce baƙin ba littafi suka zo gani ba. Na koma na rubuta masa takarda, na bayyana cewa ruwa ya yi ƙasa, ya yi zafi, jan taru zai tayar da laka. Amsarsa ita ce, "Aikinka haɗa taro ne, ba ba ni shawara ba. Je ka shirya mutanenka. In ma an rasa wasu, sai mu zuba wasu."

Mutanena suka ƙi. Sarkin ruwa ya ce mini, "Ɗana, ni na ɗaure mutane da bakina. Gaya wa maigidanka ba da hannuna ba." Shef ya sa aka ɗauko masunta daga wani wuri da tarunsu, aka biya su, aka zo da takarda mai hatimi wai su ne na gwaji. 'Yan gari suka tsaya bisa tudu suna kallo, har da samarin nan biyu.

An fito da manya, gaskiya an fito da su. Giwan ruwa da sai mutum biyu ke ɗagawa, aka jera bisa tabarma, aka yi ta ɗaukar hoto, baƙi na tafi, ni kuma aka sa ni tafinta. Da aka farke wasu a bayan mota, ƙwai ne cike da cikinsu. Kifin bai kwana a garin ba, cikin akwatunan ƙanƙara aka zuba shi aka yi Maradi da shi, kuma na san gidajen da ya shiga. Washegari da asuba yara suka sheƙo da labari, gurbi ya yi fari fat da cikin kifi. Waɗanda taru bai kama ba, laka ta gama da su: ruwa mai zafi dama iskarsa kaɗan ce, da dare take ƙara raguwa, ruɓaɓɓiyar lakar da aka tayar kuma ta shanye ragowar. Dattijon ya tsaya ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mun daka iri mun dama wa baƙo fura.

Ba a yi mako ba doka ta watse. Wa zai hana wa? Kowa ya faɗa ruwa da abin da ya samu, har gidan sauro aka ɗinke aka ja, aka kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba. Mutum ya ɗaure cikinsa da na iyalinsa, sannan ya ga abin da ya yi wa tanadi ya shiga motar wani.

Abin da ya fi ci mini rai sai ƙarshen shekara ya zo. Rahoto ya fito da hoton babban kifin nan a bangonsa, ciki kuwa an rubuta cewa tsarin rufe tabki ya gaza saboda ba a wayar da kan jama'a yadda ya kamata ba. Wayar da kai aikin wa ne? Nawa. Takardar da na rubuta kafin ziyarar aka ce ba a taɓa ganinta ba. Aka ɗauke ni daga ƙauye aka ajiye a buro ina shigar da lambobi cikin kwamfuta, aka ba wani babur ɗina. An sabunta furoje, an yaba wa shef a gaban kowa. Dokin mai baki ya fi gudu.

A zaman buron nan na duƙufa karanta labarin manyan kifayen duniya a intanet, na tarar ciwonmu ne, sai dai nasu ya fi girma. Akwai esturjon, kifin da ake farkewa a cire ƙwansa a sayar da tsada da sunan kabiya. Babbansu shi ne beluga na tekun Kaspiyan, wanda a 1827 aka kama wata a bakin kogin Volga mai nauyin kilo 1,571. Macen sai ta haura shekara 15 kafin ta fara ƙwai, kuma ba kowace shekara take yi ba. Wajen 1960 madatsar Volgograd ta tare mata hanyar mafi yawan wuraren da take haihuwa, masu neman ƙwai kuma suka bi iyayen ɗaya bayan ɗaya. Tun 1998 cinikin dangin duka ya shiga ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya mai taƙaita cinikin halittun da ke cikin haɗari, an kuma saki miliyoyin 'ya'yan ƙyanƙyasa cikin ruwan. Duk da haka a 2022 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa nau'o'i 26 da suka rage, dukkansu suna cikin haɗarin ƙarewa. A wannan sanarwar aka tabbatar da ƙarewar ɗan uwansu mai dogon baki na kogin Yangtze a ƙasar Sin, wanda rabon da a gan shi da rai tun 2003, bayan madatsar Gezhouba ta 1981 ta raba shi da mahaifarsa. Sin ta hana kamun kifi a Yangtze na shekara 10 daga farkon 2021, amma shi ya riga ya tafi. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna manyan kifayen ruwan daɗi sun ragu da kashi 94 cikin 100 tsakanin 1970 da 2012.

Maganar ƙyanƙyasar nan ita ta tsaya mini, don ita ce "sai mu zuba wasu" ɗin da aka ce mini. Zuba 'ya'yan kifi na da daɗin rubutawa: ana ƙirga su, ana hotonsu, ana kashe kuɗin da aka ware. Amma kafin ɗan da aka zuba ya zama irin uwar da muka jera bisa tabarma, furojen ya ƙare, shef ya koma wani, wani ma ya zo ya tafi. Masu ƙauyen kaɗai ke daɗewa a wurin kamar kifin, shi ya sa su ne ya kamata maganarsu ta zama ta ƙarshe a kansa. A Birazil, yankin Mamirawa cikin Amazon, an gwada haka da arapaima, ɗan uwan bargin namu, lokacin da ya kusan ƙarewa. Daga 1999 aka bar wa masunta su ƙirga shi da kansu sa'ad da yake leƙowa shan iska, a ba su izinin kama abin da bai wuce kashi 30 cikin 100 na manyan ba, gadi kuma nasu ne. Kifin ya dawo ninki-ninki. Mu ma ba baƙin abin ba ne. Bikin Argungu, da ya samo asali tun 1934, manyan giwan ruwan da ake fitowa da su daga kogin Matan Fada rufe ruwan da ake yi ne ke tara su. Can ma baƙi na kallo, amma masu ruwan ke buɗewa, ranar sananniya ce, kuma kowa na shiga da gorarsa da komarsa.

Sauran darussan gajeru ne. Duk takardar da ka kai wa na sama, a buga maka hatimin karɓa bisa kwafinka, ka ajiye shi a gida. Kada kilo kaɗai ya ruɗe ka, ka auna tsawo, don tabki na iya ba da nauyi iri ɗaya shekara biyu alhali iyaye sun ƙare. Idon raga a bakin ruwa ake sa masa yatsa, ba a shagon mai sayarwa ba. Mata masu banda sun riga kowa sanin lokacin da kifi ya fara ƙanƙancewa, ka zauna da su. Bargi cikin ciyawar gefe yake sheƙarsa da damina, a bar masa ita. Kuma kada a zuba giwan ruwa ko'ina don kawai yana kuɗi a kasuwa, a Tabkin Biktoriya an zuba shi a shekarun 1950 ya share ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifi.

Kai da za ka gaje ni a garin, kada ka fara da maganar sabuwar doka, ba mai saurarenka. Jika ashirin ɗin samarin nan na cikin asusun da furoje ke riƙe wa kwamiti, mamarinsu kuma na ɗakin ajiya. Na nemi a mayar, aka ce babu layinsa a kasafi. Da na je sallama na ce wa sarkin ruwa, Baba, me zai sa ka sake tsayawa a ƙofar masallaci? Ya ce a mayar wa yaran kayansu da kuɗinsu a bainar jama'a, kuma wanda ya sa aka ja tarun ya zo da ƙafarsa. Na isar da saƙon a rubuce kafin in miƙa makulli, an buga hatimi bisa kwafina, kuma kwafin na hannuna ga duk mai son gani.